Na ga birnin da man suya ke jan motocin bas

A birnin Kiyoto na ƙasar Japan, man da uwargida ta gama suya da shi ba ya bin kwata. Tankin mota yake shiga! Na gani da idona, na taɓa jarkar da hannuna, kuma har yau zumuɗin bai sake ni ba.

Wata safiya na fito daga masauki sai na hangi tuta a ƙofar wani gida, ƙarƙashinta dattawa biyu a tsaye da jarkoki da mazurari. Mutane na ta zuwa, wannan a ƙafa, wancan a keke, kowa da gorarsa. Wata tsohuwa ta kwance murfin tata, ta karkata ta a hankali, sai ga mai jajir mai kauri yana tsiyaya ta cikin rariya, burbushin fulawa na maƙalewa a sama. Ta jira ɗigon ƙarshe, ta goge bakin gorar, ta rusuna, aka rusuna mata, ta yi gaba. Ko sisi ba a ba ta ba. Abokin tafiyata ya ce man tempura ne, wato kifi da jatan lande da kayan lambu da suke tsomawa a kwaɓin fulawa su soya, kuma daga nan masana'anta za a wuce da shi. Na ce, masana'antar sabulu? Ya ce a'a, ta man mota. Ikon Allah!

Nan take na shiga bin diddigi. Ashe abin ya faro ne a 1997, shekarar da ƙasashen duniya suka taru a wannan birni suka ƙulla yarjejeniyar Kiyoto kan rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Masu masauki suka ga bai dace su tara baƙi a kan magana su kuma su zauna hannu rabbana ba. Sai aka fara karɓar tsohon man girki daga gidaje, ana sarrafa shi, ana zuba wa motocin kwasar shara. A 2000 aka shigar da shi motocin bas na birnin, kashi 20 cikin ɗari a gauraye da man dizal. A 2004 kuma hukumar birnin ta buɗe masana'antarta a yankin Fushimi, mai iya fitar da lita 5,000 a rana.

Yadda ake yin sa shi ya ƙara kashe ni da mamaki, don babu wani siddabaru a ciki. A tace man, a ɗumama shi ruwan da ke ciki ya fita. A zuba masa sinadarin metanol da ɗan sinadari dangin sodar da masu sabulu ke aiki da ita, a yi ta juyawa a kan zafin da bai kai na tafasar ruwa ba. Sai a bar shi ya kwanta. Yadda man gyaɗa ke tasowa ya bar tunkuza a ƙasa, haka gilisarin mai nauyi ke zama a gindi, mai garai-garai ya taso sama. A wanke shi, a busar. Shi ne bayodizal, kuma abin da ake samu kusan daidai yake da man da aka zuba. An cire masa kaurin nan da ke toshe inji, ya zama ruwa tsararo da inji zai sha ba tare da an sake masa gini ba.

Da na hau bas ɗinsu mai launin kore, ta ƙofar baya ake shiga a biya a gaba wajen sauka, sai na zauna can baya kusa da inji na kasa kunne. Ina jiran tari, ina jiran shaƙewa a kan hawa. Shiru! Motar tana tafiya sumul, 'yan makaranta na gyangyaɗi, babu wanda ya damu da abin da ke cikin tanki sai ni.

Ribar kuwa ta kowace fuska ce. Man nan kusan babu farar wuta a cikinsa, baƙin hayaƙinsa kuma bai kai na dizal zalla ba. Iskar da yake fitarwa, tsiron da aka tatso shi daga jikinsa ya riga ya zuƙe irinta lokacin da yake gona. Bututun ruwa sun huta da daskararren maiƙo, kogin Kamo ya huta. Babbar magana ita ce ba a ƙwace gonar abinci don ciyar da mota ba, man ya riga ya ciyar da mutane tukuna. Yana da halinsa, domin sanyi na sa shi kauri, kuma yakan ci tsofaffin tiyo na roba, shi ya sa gauraya shi ta fi sauƙi ga yawancin motoci.

Sai kuma na tarar da abin da ya sa tsigar jikina ta tashi: a baje kolin birnin Faris na 1900, injin dizal da man gyaɗa aka tayar da shi, ya kuma yi aiki. Man gyaɗa fa! Mu da duniya ta san mu da dalar gyaɗa a Kano!

Na san mai ƙosai a wajenmu ba ta zubar da mai, ga tsadarsa, sai ta yi ta maimaita shi har ya yi baƙi ƙirin, abin da ba alheri ba ne ga lafiyar masu ci. To, me zai hana a saye shi a hannunta tun bai kai haka ba? Ga otal-otal, ga gidajen abinci, ga masu suyar kaji da awara, ga bini da zugu da ke tsaye a shingayenmu, 'ya'yansa cike da man da ba a ci. Malaman kimiyya muna da su a Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai. Abin da Kiyoto ta fi mu shi ne unguwa da ta yarda ta tsayar da rana, da hukuma da ta yarda ta aiko mota ta kwasa. Mu fara da unguwa ɗaya da bas ɗaya, mu auna abin da zai fito, sannan mu ƙara ta biyu.