Shekarar da Aka Ajiye Fensir a Daura

A 2015 hukumar JAMB ta rufe babin takarda da fensir. Tun 2013 ta fara gwada jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta ga mai so, amma a wannan shekara aka ce kowa da kowa, ɗan Legas da ɗan Baure, sai ya zauna gaban allo. Labarin ya iso Daura hankalin gari yana wani wuri. Ɗan gari, Janar Muhammadu Buhari, yana takarar shugaban ƙasa, an ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, kowace majalisa ka zauna zancen ke nan. Iyayen da ke da 'ya'ya masu neman jami'a kuwa damuwarsu daban. Yaro ya gama sakandare a Zango ko Sandamu, lissafi yana kansa, amma bai taɓa ɗora hannu kan linzamin kwamfuta ba.

Wani Alhaji da nake yi wa gyare-gyare yana da wurin koyar da kwamfuta, sai ya ce a mai da shi wurin gwaji, yara su saba kafin ranar gaske. Ba cibiyar hukuma ba ce, tamu ce ta atisaye. Aka bi ta Kazaure zuwa Kano aka sayo kwamfutoci na hannu, suka cika 60, aka ƙara guda mai ram gigabait 4 ta zama uwar garke, wadda sauran za su riƙa ɗauko tambayoyi daga gare ta.

Ubuntu Server 14.04 na ɗora mata, don irin wadda ake kula da ita shekara 5 ce. Da ta tashi, Alhaji ya leƙo ya ga baƙin allo da fararen haruffa. "Injiniya, wannan ai ba ta gama buɗewa ba." Na ce, "Alhaji, iyakarta ke nan, kuma alherinta ke nan." Ba mai zama ya kalli fim a kanta, cutar da filash ke yawo da ita a shagunan buga takardu kuma ba ta kama ta. Apache da MySQL da PHP suna cikin faifan sakawa, ba sai da intanet ba. Moodle, manhajar karatu da Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar a 2002, da 'yan ƙarin kayan PHP da take nema, sai cikin dare da modem aka sauke su, lokacin da layi ya yi sauƙi. Duk abin da ya sauka na kwashe a filash, don a Daura ba a sauke abu sau biyu in da hali. Na ba uwar garke adireshi tsayayye, 192.168.1.10, na rubuta shi da maka a jikin bango. Na kuma sayi littafi mai ganye 40: kowane fayil zan taɓa sai na yi kwafinsa, na rubuta abin da na canja da ranar.

Gwajin farko da cikakken ɗaki ya rushe cikin 'yan mintoci. Aka ce a fara, yara 60 suka danna tare, shafi ya ƙi buɗewa, can sai ya ce ya kasa samun rumbun bayanai. Ɗaki ya kaure: "Malam, ta tsaya! Malam, tawa ma!" Yaron da ke taimaka mini, wanda ya koyi gyara a kasuwa, ya matso ya rage murya: "Oga, a fomata kawai."

A nan nake da ja da yawancin masu gyaran garuruwanmu. Fomatawa gyaran gangar Auzinawa ne. Ka share komai, ka kwana kana sakawa, gobe matsalar ta dawo yadda take, ga shi ka shafe shaidar da za ta nuna maka ita. Uwar garke ba ta faɗuwa shiru. Duk abin da ya dame ta tana rubutawa a kundin rahotonta, a ƙarƙashin /var/log, da sa'a da minti. Na buɗe na Apache, ya ce ma'aikatansa sun ƙare, har yana ba da shawarar a ƙara adadin MaxRequestWorkers. Na buɗe syslog, ya ce ram ta cika, tsarin ya kashe MySQL don ya tsira da kansa. Rahoto biyu, kuma na biyun ya ƙaryata shawarar na farko.

Lissafin ba wuya. Apache yana zuwa da iznin ɗaukar ma'aikata har 150 a lokaci guda. Kowane ɗaya, in yana ɗauke da Moodle, yakan ci wajen megabait 50. Wato fiye da gigabait 7, a na'ura mai 4. Kamar motar kasuwar Mai'adua ce da aka yi wa lodi har bisa rufi: ƙara fasinja ba ya ƙara mata gudu, zaunar da ita yake yi. Saboda haka ragewa na yi, ba ƙari ba. Na sauke adadin zuwa 40, na rage KeepAliveTimeout daga daƙiƙa 5 zuwa 2 don kada burauzar da ta gama ta riƙe ma'aikaci a banza. Wanda bai samu wuri ba ya ɗan jira a layi, ƙiftawar ido ce. Muka kuma daina cewa a fara baki ɗaya. Layin farko ya shiga, sannan na biyu. Ba ta sake faɗuwa ta wannan hanya ba.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta darasin Hausa. Malamin da ya shirya tambayoyin ya buga su a Word da tsoffin haruffan nan na musamman da aka daɗe ana buga littattafanmu da su. A allonsa ƙ da ɗ da ɓ suna nan tsaf da ƙugiyarsu. Amma a ƙarƙashi ba su ba ne. An ari wasu alamomi ne an yi musu kwalliya. Da rubutun ya bar Word, ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓarawo ya koma ~arawo. Wannan kaɗai abin haushi ne, sai ga na biyu. Tsarin GIFT da Moodle ke karɓar tambayoyi da shi yana amfani da waɗannan alamomin a matsayin umarni: alamar } tana rufe jerin amsoshi, alamar ~ tana nufin ga amsar da ba daidai ba. Duk inda malam ya rubuta kalma mai ɓ, manhajar sai ta tsinka ta biyu ta ƙirƙiri sabon zaɓi. Tambaya mai amsa 4 ta fito da 7. Malamin ya rantse bai rubuta haka ba, kuma gaskiyarsa. Maganin shi ne a bi fayil ɗin da nema da musanyawa, a mayar da kowace alama harafinta na gaskiya na Unicode, tun kafin a sa alamomin GIFT, sannan a adana shi a UTF-8. Wanda ya juya wannan jeri zai ɓata duka biyun. Daga baya na koma tsarin Aiken, wanda ba ya son komai sai tambaya, zaɓi A zuwa D, da layin amsa.

Wata safiya kuma komai yana aiki, shafi yana buɗewa, yara sun shiga, amma jarrabawa ta ce lokacinta bai yi ba. Rahoto bai nuna kuskure ko ɗaya ba. Abin da ya tona asiri shi ne kwanan watan da ke gefen layukan: uwar garke tana zaune a 2009. An ɗauke wuta cikin dare, batirin UPS ya ƙare, ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe agogon na'ura, CR2032, ashe ya mutu tun kafin a sayo ta. Mai intanet ba zai ma lura ba, na'urarsa za ta tambayi lokaci ta gyara kanta. Tamu ba ta da wanda za ta tambaya. Batirin a wurin mai gyaran agogo aka samo shi. Tun daga ranar, umarnin farko da nake bugawa kowace safiya shi ne date, na biyu df -h don in ga ko faifai ya kusa cika, na uku free -m.

Ita ma siyasa ta leƙo ɗakin. Ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, rabin kwamfutoci suka daina ganin uwar garke, rabi suna gani. In abu ya rabu biyu haka, kada a taɓa uwar garke. A ɗauki mai lafiya ɗaya da marar lafiya ɗaya a kwatanta. Na buga ipconfig a kowace. Mai lafiya tana kan 192.168.1, ɗayar tana kan 192.168.8. Wani ne yake rabon adireshi ba da izni ba. Na bi wayoyi har bayan tebur, na tarar da ɗan akwatin intanet da wani ma'aikaci ya soka a suwic don ya bi labarin zaɓe a Facebook. Bai san akwatin yana raba adireshi ga duk wanda ya tambaya ba. Na zare, sannan na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya na ba kowace adireshi tsayayye daidai da lambar teburinta.

Ƙurar hunturu da zafin bazara ba su da dabara sai naci. A ɗaga na'ura daga ƙasa, a fitar da ita waje a hure ta lokaci lokaci, a tabbata fankarta tana juyawa. UPS kuma ba don a ci gaba da aiki ba ne, don a tsallake tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta ne, ko a kashe na'ura da ladabi.

Kwafin ajiya ne muka yi ta ja da Alhaji a kansa, don filash biyu da na sa ya saya yana ganin ɓarnar kuɗi ce. Masu rubuta littattafan koyarwa sukan ce a sa cron ya ɗauki kwafi da tsakar dare. Tamu da tsakar dare a kashe take. Na mayar da lokacin bayan la'asar, kafin a kashe janareta: mysqldump ya zubo rumbun bayanai, a haɗa da jakar moodledata da config.php, a kwafe a filash, filash ɗin kuma ya kwana a gida, ba a shago ba. Lokaci lokaci nakan mayar da kwafin a wata tsohuwar laftof, in ga ko da gaske yana tashi.

A bazarar 2016 faifan uwar garke ya fara ƙara irin ta ƙas ƙas, syslog ya cika da koken kasa karanta wasu sassa, ranar Talata kuma ya ƙi tashi sam. Muka ciro faifai daga kwamfutar tebur na 60, na saka Ubuntu daga faifan sakawa, kayan PHP daga filash, na buɗe littafin nan mai ganye 40 na bi saituttukan layi layi, na mayar da kwafin jiya. Ajin safe ne kawai ya rasa gwajinsa. 'Yan ajin azahar, waɗanda suka zo daga Baure, sun tarar da sunayensu da makinsu na makon jiya, sai dai yaro ɗaya da ya jira wani ya gama, don teburinsa ba kwamfuta.