Shekarar da Yaya Ya Daina Shan Ruwan Sanyi

Yayana ɗan kasuwa ne, shekararsa 46 lokacin da jini ya fara biyo bayan gidansa, a farkon 2022. A unguwarmu ta Gidan Dahala kowa ya ji haka zai ce basir ne, kuma kowa yana da mai maganin da ya yarda da shi. Wata da watanni ana jiƙa sassaƙe yana sha, wandonsa na ƙara yi masa yawa. Sai da ciwo ya tokare shi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama muka nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

An zura na'ura mai kyamara aka leƙa hanjin, aka gutsuro tsoka aka kai gwaji, sannan aka yi hoton CT. Ranar da sakamako ya fito ina zaune kusa da shi. Likitan ya ce dajin babban hanji ne kuma ya kai hanta, ya ɗauki takarda ya zana mana hanji da hanta, ya ja layi tsakaninsu. Ya ce duk jinin da ya kwaso abinci daga hanji, hanta yake fara zuwa ta wata babbar jijiya, shi ya sa dajin babban hanji in zai yi ƙaura, can yake fara sauka.

Yaya ya dube shi ya ce, "Likita, gaya min gaskiya, wanga ciwo ana warkewa?"

Ba zan manta yadda mutumin ya amsa ba, domin bai rufe mu ba kuma bai yanke mana ƙauna ba. Ya ce hanta na sake tofowa, ana iya yanke fiye da rabinta mutum ya rayu. In ƙullutun kaɗan ne kuma suna wurin da wuƙa za ta kai, ana cire su, kuma kusan rabin waɗanda aka yi wa haka suna wuce shekara biyar. Sai dai kamar mutum ɗaya cikin biyar ne ke zuwa a wannan matakin. Na Yaya ya watsu a ɓangarorin hantar biyu. Abin da ya rage shi ne maganin da zai danne ciwon ya ƙara masa kwanaki, in Allah ya sa ƙullutun suka janye sosai, a sake duba maganar tiyata.

Da yake hanjin ya kusa toshewa, aka fara yi masa aiki aka fitar da hanyar bayan gida ta ciki, da jaka manne. Wannan ya fi komai taɓa zuciyarsa, ya daina fita jam'i. Wani malamin unguwa ne ya zo har ɗaki ya karanta masa hukuncin mai salisi, ya nuna masa cewa abin da ke fita ba da ikonsa ba bai hana shi salla. Washegari da asuba na ji ƙarar ƙofarsa. A ganina wannan ziyara ta yi aikin da wata allura ba ta yi ba.

Maganin kuwa duk mako uku ne: ƙarin ruwan oxaliplatin a asibiti, sai ƙwayoyin capecitabine na kwana 14 a gida. An gargaɗe mu cewa oxaliplatin ba ya shiri da sanyi. A zafin Sakkwato na azumin 2023, mutum na kallon ƙanƙara ana shan ruwa, shi kuwa in ya kurɓa sai maƙogwaro ya shaƙe, yatsu su ɗauki zugi. Matarsa ta koma ajiye masa buta a rana. Ga ƙarancin takardun kuɗi na wancan lokaci, daga baya aka cire tallafin mai, farashin magani ya yi sama. Fili ya tafi, babur ya bi.

Gwajin jini na CEA, wanda ake bibiyar ciwon da shi, ya sauka, hoto ya nuna ƙullutun sun ragu, amma ba su kai a yanka ba. Duk da haka ya koma shago, ya aurar da 'yarsa ta fari, ya zauna ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi. Masu cewa asarar kuɗi muka yi ba su ga waɗannan watanni ba.

Da idanunsa suka koma rawaya, ciki ya tara ruwa, likitoci suka tsayar da maganin suka koma ga rage raɗaɗi da ruwan mofin. Ya rasu a gida cikin hunturu, Allah ya jiƙansa.

Tun yana da rai likitan ya faɗa mana cewa 'yan'uwan ciki ɗaya da 'ya'yansa su fara leƙa hanji a shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano nasa, duk wanda ya riga zuwa. Bayan sadakar arba'in ni da ƙaninmu muka je. Ni ba a ga komai ba. Shi an sami ɗan tsiro bai kai ƙwayar gyaɗa ba, aka cire a take, aka rubuta masa ranar da zai koma.