Ashe Ni Ma Zan Iya

'Yan'uwana mata, sau da yawa ba talauci ne ke fara kayar da mace ba, kalmar nan ce ta "ba zan iya ba". Ni shaida ce.

A Bunkure aka yi mini aure. Maigidana manomin rani ne, yana da 'yar gonarsa a bakin kwatar da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka gina a 1974. Allah Ya yi masa rasuwa a 2015, ya bar ni da yara huɗu. Ina fita takaba ƙaninsa ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, a sayar da gonar nan kawai, wa zai kula da ita?" Wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa, domin ko farashin buhun taki ban sani ba. Amma na ce masa, "A'a, gadon marayu ce, a bar mini ita."

Na sayar da akuyoyina biyu, na ɗauki 'yan ƙwadago, muka dasa tumatir. Kwatsam a 2016 sai ga tsutsar nan da ta cinye tumatirin Kura da Kadawa da Bunkure. Ko kwando guda ban kai Kwanar Gafan ba. Allah Sarki! Ranar na yi kuka kamar raina zai fita.

Surukata ce ta dafa ni ta ce, "'Yar nan, matan Kura da ke turara shinkafa suna kaiwa inji, hannu nawa suka fi ki?" Maganar ta zauna mini a rai. Da damina muka shuka shinkafa. Na koyi jiƙo da turare da shanya a wurin wata maƙwabciyata, na fara da rabin buhu. Tukunyar farko da ta fito fes, ba karyayye, ita ta cire mini tsoro. Daga rabin buhu sai buhu, daga nan na shiga adashi.

Yau gonar na nan, babbar 'yata ta gama sakandare. Don haka 'yar'uwa, kada ki jira sai zuciyarki ta yi ƙarfi sannan ki fara. Ki yi addu'a, ki kama ɗan abin da hannunki zai iya, ƙarfin zuciyar a cikin aikin yake zuwa. Allah Ya rufa mana asiri, amin.