Makaɗin da ba ya kallon ƙafa

Kusan duk mai waya a ajinmu yana da waƙoƙin futin. Wasu wurin masu tura waƙa a kasuwa suka samo su, ka ba da ƴan daloli a cika maka kati, wasu kuma daga wayar aboki suka kwasa. In ka tambayi mutum mi ya sa ya zaɓi waɗannan, amsar guda ce: "Suna da zafi." To, zafin nan nake son mu duba. Na ga ya kai wasu ƙarshen hanya, na kuma ga ya zaunar da wasu bakin gudron tun ba su bar Dogon Dutsi da nisa ba, suna haki kamar akuyar da kare ya koro.

Kada wani ya ce maganar wasa ce. Makin wasannin motsa jiki yana shiga lissafin BEPC da na Bak, kuma wanda ya taɓa rasa jarrabawa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya san darajar maki guda. Yayyenmu masu shirin konkur na jandarma ko gardi ko ɗan sanda, gudu na cikin rariyar da ake tace su da ita. Shi ya sa bayan sallar asuba za ka gan su jere a hanyar Matankari ko ta Kore Mairuwa, kowa da igiya a kunne. Aikin yi suke bi da ƙafa.

Ƙafa tana da nata kiɗa, kuma ana iya ƙidaya shi. Ka yi gudunka na kullum, ka ƙirga sau nawa ƙafar dama ta taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 30, ka ninka sau huɗu. Ni nakan samu 40, wato taki 160 a minti. Wani mai horar da ƴan gudu a Amurka, Jack Daniels, ya zauna ya ƙirga takin gwanaye a wasannin Olimpik na 1984, ya tarar kusan dukansu suna yin 180 ko fiye. Mu ba gwanaye ba ne, namu ya fi sauka ƙasa da haka. Waƙa ita ma haka ake auna ta: ka buga yatsa bisa tebur tare da gangar har daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. In bugunta ya zo daidai da takinka, ko ya zama rabinsa cif, ta zama abokiyar tafiya. Waƙa mai bugu 80 tana ɗaukar mai taki 160 lafiya lau, kowane bugu taki biyu.

Da na bi katina da wannan awo, abin ya ba ni dariya. Rap ɗin da ake cewa ya yi sanyi, wanda mawaƙin ke magana kamar yana ba ka labari, da yawansa na faɗawa wajen 80 zuwa 90, wato shi ne ya dace da ƙafa. Kupe-dekale irin na marigayi DJ Arafat, mai sa ka ji kamar ka tashi sama, a ƙidayata tsakiya yake tsayawa: ya fi tafiya sauri, bai kai gudu ba, ninkinsa kuma sai barewa. Jiki na son bin ganga, gangar ba ta bi ta inda ƙafa ke bi, sai ka riƙa tsawaita taki kana dira da dunduniya. Gwiwa ce ke biyan bashin daga baya. Waƙoƙin soyayya na finafinan Kano kuwa, ban hana kowa ba, amma ni in mawaƙi ya fara kukan an rabu da shi, ƙafata ma sai ta yi sanyi. Gitar Mdou Moctar da kiɗan Tal National na Yamai suna da wata dabara: bugunsu sau da yawa uku-uku yake tafiya kamar na kalangu, sai ka saurara ka gano babban bugun da ke ƙarƙashi ka hau shi. Ranar da ka gano shi, kilomita biyar sai ta zo maka da sauƙi.

Ba mu muka fara wannan ba. A 1998, a birnin Birmingham na Ingila, Haile Gebrselassie na Habasha ya kafa bajintar duniya ta mita 2000 a filin cikin ɗaki, ana kaɗa masa waƙar Scatman, don bugunta ya yi daidai da takin da yake so. Wani malamin jami'ar Brunel a Landan, Costas Karageorghis, ya daɗe yana binciken abin. Ya nuna waƙa na iya rage jin wahala da kusan kashi 10 cikin 100 in gudun matsakaici ne. Amma in aka kai inda numfashi ke fita da ƙyar, jiki ya fi waƙa ƙara, gajiyar ba ta ɓoyuwa. Wato waƙa tana rage jin gajiya, ba ta ƙara maka huhu.

Nan ne rigimata da masu gudu da kiɗan kokowa take. Ni ma ɗan Arewa ne, in Sagalo ya ɗaga murya tsigar jikina tashi take. Tun da aka fara kokowar takobi a Tawa a 1975 babu wasan da ke tsayar da ƙasar nan kamarta, kuma duk wanda ya ga Isaka Isaka ya kawo ma Doso takobi, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ya san abin da kirari ke yi ma namiji. Haka waƙar da Ɗan Anace ya yi ma Shago. Sai dai wa aka yi ma wannan kiɗa? Mutumin da zai shiga fili ya zuba ƙarfinsa duka kan abokin karawa guda. Kiɗan zuga ne, aikinsa ya tafasa jini. Kai kuwa mai kilomita takwas a gabanka, in jininka ya tafasa a ta farko, da mi za ka yi sauran bakwai? Wani abokina da ke shirin konkur kullum da shi yake buɗe gudu. Minti biyar na farko ba mai ganin ƙurarsa. Kafin mu juyo sai mu iske shi ya dafa gwiwa, waƙar na ta kiran mazaje cikin kunnensa.

A hutun damina na je ƙauyenmu wajen Gesheme, na zauna da wani tsoho maƙwabcinmu wanda ya yi kiɗan gayya da ƙuruciya. Ya ga igiya a wuyana ya ce, "Ɗana, mi a wanga?" Na ce, "Baba, makaɗina ne, shi ke raka ni gudu." Ya saurara kaɗan, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini. "Shina da hannu. Amma shina ganin ka?" Na ce a'a. Ya ce shi in ya rataya gangar noma, idonsa na kan hauya. Da safe ba ya zuga kowa, a hankali yake bi har gumi ya fito. In rana ta take ya ga hannuwa sun yi nauyi, sai ya sassauta don kada wani ya faɗi. In ya hangi wanda aka bari baya, ya kira sunansa da na kakansa. Zugar gaske sai an hango ƙarshen gona.

Waya ba ta san ka gaji ba, ba ta san watan Afrilu ne zafi ya haura digiri 40 ba, ba ta san kana azumi ba. Idan haka ne, aikin da tsohon nan ke yi da ido, kai za ka yi shi tun da dare, wajen jera waƙoƙin. Ni ga yadda nake yi. Biyu na farko masu sanyi, na tafiya da ɗumama jiki. Sannan biyar ko shida da na auna suka zo kusa da 80 ko 160, ba mai hawa ba mai sauka, ko da ba su ne na fi so ba. Sagalo na can ƙarshe, sai na juyo na hango Tozon Bijini. Kuma ina kashe abin nan mai cakuɗa waƙoƙi, don kada waya ta jefo mini kirari ina tsakiyar hawa.

Wajen ɗaga ƙarfe lissafin ya sauya. A gidan da muke haɗuwa da yamma, kayan namu siminti ne da aka zuba cikin gwangwanaye aka soka ƙarfe a tsakiya, sai benci guda. Nan ba taki ake bi ba, ƙoƙari ne na daƙiƙa 30 sannan hutu, don haka kiɗan kokowa da na dambe sun samu gidansu. A saka Arafat ma, ba laifi. Rigimar wurin dai ta mai baful ce: wanda ya kawo shi gani yake shi ne sarkin kiɗa.

Sai maganar kunne. Hanyar da muke gudu a kanta babbar hanyar ƙasa ce, daga Yamai zuwa Ƙonni har gaba, manyan motoci da bas-bas na wucewa tun duhu bai washe ba, ga kabu-kabu, ga amalanke marar fitila. Kunne guda nake toshewa, ina fuskantar motocin da ke tahowa. Cikin gari kuma cirewa nake, don in dattijo ya fito masallaci ka wuce shi ba gaisuwa, kafin ka koma gida labari ya riga ka. Ƴan matan ajinmu da ke zagaya filin lakkol su huɗu ko biyar sun fi mu dabara, waya guda suke ajewa a tsakiya kowa na ji.

Ranar jarrabawa dai ba mai barin ka da igiya a kunne. Mushe na tsaye da agogo da usur, sai ƙarar takalma da numfashin na kusa da kai. Saboda haka tun da saura wata guda, gudu ɗaya cikin uku nake yin shi wayar na gida. Satin farko hanyar ta yi mini tsawo ƙwarai. A na biyu na lura bakina na motsi, ashe amshin wata waƙa mai bugu 80 nake maimaitawa, ƙafa na bin sa. Na ƙirga a hanyar Matankari ranar Talata, dama ta taɓa ƙasa sau 41.