Ido Ba Mudu Ba

Duk wanda ya tashi a Wudil ya san Juma'a tun kafin ta iso. Daga daren Alhamis manyan motoci suke fara tsallako gada, ƙurar kofato ta turnuƙe hanyar kara, kukan shanu ya cika gari har ya danne rugugin tifofin da ke lodin yashi a bakin kogi. A wannan kasuwa mutumin da muke kira Baba Koci ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana dillanci. Ran Juma'a yana kara da sanda a hannu. Sauran kwanakin kuwa, da an sallame la'asar, yana filin makarantar firamaren unguwarmu da usur a wuya, yana koya wa yara tamaula, ba a taɓa biyansa ko sisin kwabo ba.

Ni ban taɓa iya ƙwallo ba. Ni ne mai gadin takalma. Ina ɗan shekara tara a 2009, shekarar da Kano Pillars ta yi waje da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A teburin mai shayi muka saurari labarin, manya suna ta "Sai Masu Gida!" mu ma muna tayawa. Kakar da ta biyo baya Ahmed Musa ya zura wa Pillars ƙwallo 18, a 2010 ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holand. Tun daga nan kowane yaro mai takalmin roba a unguwarmu ya ƙudurta cewa hanyar Turai ta Ƙofar Mata ta bi, kuma kilomita arba'in ɗin da ke tsakaninmu da filin wasa na Sani Abacha ba wata tafiya ba ce.

Ƙanina, autan gidanmu, yana cikin waɗanda suka ƙudurta hakan, kuma shi ya fi su hujja. Dogo ne, ƙirji a buɗe, ƙafarsa ta hagu kamar guduma.

Na karanta lissafi a jami'ar kimiyya da fasaha ta garinmu, wadda a 2022 aka sauya mata suna zuwa na Aliko Dangote. A shekarata ta ƙarshe na kalli wani fim mai suna Moneyball, na kuma nemi littafin Michael Lewis na 2003 da aka ciro shi daga ciki. Labarin besbol ne, wasan ƙwallon gora na Amurka, wanda har yau ban gama gane dokokinsa ba. Amma na gane Billy Beane. A 1980 masu farautar 'yan wasa suka dubi tsayinsa da gudunsa, suka yanke cewa tauraro ne. New York Mets ta ɗauke shi a zagayen farko, ya bar gurbin karatu a jami'ar Stanford, wasan kuma ya ƙi shi. Da ya zama manajan Oakland Athletics, ƙungiya mai ƙaramin aljihu, sai ya daina yarda da idon da ya yaudare shi, ya koma ga alƙaluma. A 2002 ƙungiyarsa ta ci wasa ashirin a jere. Na rufe littafin ina ji a raina cewa an ba ni makamin da zan gyara wa tsofaffi kuskurensu.

Saboda haka da na gama, ina zaman jiran kiran hidimar ƙasa, sai na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin na tafi fili. Na ja layuka: wa ya ba da ƙwallo ta isa, wa ya ba da ta ɓace, wa ya ƙwato, wa ya zura. Baba Koci ya leƙa, ya yi murmushi, ya ce, "Malam ɗan boko, yau kuma mudu aka kawo mana?" Na ce, "Baba, ido yana ƙarya." Ya ce, "Yana yi. Amma ka ji an ce ido ba mudu ba, ya san ƙima." Bai hana ni ba. Har benci ya sa aka kawo mini.

Wata Juma'a ya ce in raka shi kara, wai in ga nasa lissafin. Na ga yadda yake zagaya maraƙi sau biyu kafin ya taɓa shi. Ba ya fara duban ƙiba, domin a cewarsa ƙiba ta dusa ce, kowa zai iya sayenta a mako uku. Yana duban tsayin ƙafa, da faɗin ƙugu, da yadda dabba take ɗora kofato idan an kora ta ba shiri. Daga nan sai ya kama leɓen ƙasa ya buɗe baki. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama; takwas ne a ƙasa, na nono ƙanana, kuma bibbiyu suke zubewa manya su maye gurbinsu, daga wajen shekara biyu har baki ya cika wajen shekara biyar. Wani mai shanu ya rantse masa cewa bijiminsa yaro ne ɗanye. Baba Koci ya buɗe bakin, ya ƙirga manya shida, ya saki, ya goge hannu a riga. A hanyar dawowa ya ce mini, "Wanda ya sayi wancan don kiwo ya yi asara, ba don ba shi da kyau ba. Ya gama girma. Abin da ka gani shi ne iyakarsa. Mai kiwo ba abin da ke gabansa yake saya ba, abin da ya rage yake saya."

Na rubuta maganar a bangon littafina don ta yi mini daɗi, ban san ni za ta ci ba.

Bayan wasa goma sha ɗaya sai saƙo ya zo daga wata makarantar horar da 'yan ƙwallo a birni: za su yi gwajin 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, kowane koci ya turo yara uku. Biyu ba su da gardama, mai tsaron ragarmu da wani ɗan baya. Gurbi na uku ne ya tsaya tsakanin Auta da wani yaro ɗan masunta, siriri, baƙi wuluk, wanda da safe yake nutso da bokiti yana cika kwalekwale da yashi, da yamma ya zo fili idonsa jajir. A tsakiya yake wasa. Ban taɓa jin 'yan kallo sun kira sunansa ba.

Na kwana ina haɗa alƙaluma, kuma ba zan ɓoye ba, na san amsar da nake nema. Auta ya zura ƙwallo bakwai, yaron bai zura ko ɗaya ba. Da a nan na tsaya da na yi barci. Sai dai layukan da na ja da hannuna sun ƙi yin shiru. Biyar daga cikin bakwai ɗin daga ƙafar yaron suka fito. Babu wanda ya kai shi ƙwato ƙwallo, babu wanda ya kai shi ƙarancin zubarwa. Wasa biyu da bai zo ba, lokacin da kogi ya cika aiki ya yi yawa, Auta bai ko buga ta nufi raga ba. Duk da haka na shirya hujjata. Na ce maciyin ƙwallo shi ake nema a ko'ina, na ce jiki ma baiwa ce, na ce gwajin kwana uku ba ya ganin irin aikin ɗan tsakiya. Duk gaskiya ne. Alƙalami yana da ladabi. Inda ka karkata shi nan yake bi.

Baba Koci ya saurare ni har na gama, muna zaune a dakalin ƙofar gidansa bayan isha'i. Ya karɓi littafin ya juya shafuka, ko da yake boko bai dame shi ba. Sannan ya ce, "Akwai lamba ɗaya da ban ji ka karanta ba. Ni a baki nake gane ta, kai kuwa ka ci naman sunan. Shekarun Auta nawa?"

Sha tara. Takardar rantsuwar da ke cikin jakarsa ta ce sha shida, kuma ni na san ranar da aka yo ta, na san wanda ya ba da kuɗin mota.

Ba na son in yi wa ƙanina rashin adalci a rubuce, bayan wanda yake ganin na yi masa a fili. Bai ƙirƙiro wannan hanya ba, tarar da ita ya yi. A ƙasar da yara da yawa ba a yi musu rajistar haihuwa ba, shekaru sukan zama abin ciniki, kuma duk yaron da ya faɗi nasa na gaskiya yana ganin shi kaɗai ya shiga kasuwa da mudun kirki. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da sha bakwai sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, fiye da kowace ƙasa, amma zargin nan bai taɓa barin mu ba. A gasar 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano, hukumar FIFA ta shigo da gwajin na'urar MRI. Wuyan hannu ake dubawa: a ƙarshen ƙashin yaro akwai guringuntsin da yake ƙara masa tsawo, idan ya haɗe ya zama ƙashi ɗaya to kusan tabbas mai shi ya wuce sha bakwai. Buɗe bakin maraƙi ke nan, da lantarki. A 2016 'yan wasanmu 26 suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu, mu da ke riƙe da kofin duniya.

Ko an daidaita shekaru ma, hasashen yaro duhu ne. A gasar 2007 a Koriya ta Kudu, Macauley Chrisantus namu ne ya fi kowa zura ƙwallo, bakwai cif, Toni Kroos na Jamus ya zama gwarzon gasar. Shekara bakwai bayan haka Kroos ya ɗaga kofin duniya na manya. Chrisantus kuwa ya tafi Hamburg, ya yi ta yawon ƙungiyoyi, sunansa ya dusashe. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Dillalan garinmu sun fi kowa sanin Larabar da ta yi kyau Juma'arta ta watse da ruwan sama.

Amma abin da ya tsaya mini a wuya ba wannan ba ne. Ƙwallayen Auta bakwai, da na yi ta taƙama da su, ɗan sha tara ne ya zura su a tsakanin 'yan sha huɗu da sha biyar. Na auna daidai, na ƙirga daidai, abin da na auna ne ba shi ba. Yaron masunta kuwa muryarsa ma ba ta gama fashewa ba.

Baba Koci bai ce in cire kowa ba. Ya miƙo mini takardar da biro, ya ce, "Hannunka ya fi nawa kyau." Na rubuta suna biyu. Na daɗe a kan layi na uku, har sauro ya gama da ƙafata. Sannan na rubuta sunan yaron.

Auta bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya shigo ɗakina da daddare ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, da gaske kai ka rubuta?" Na ce ni ne. Na fara jawo littafin in nuna masa, ya ce, "Bar shi." Inna kuwa washegari, tana tankaɗe ba ta ɗago ba, ta ce, "Kai ka samu takardarka. Shi wace ƙofa ka bar masa?" Sau biyu ya zauna jarrabawar shiga jami'a bai samu ba, ta san haka, na san haka. Na buɗe baki in ce ko ya je na'ura za ta kama shi, sai na tuna ba na'ura a wannan gwajin, kuma ƙila da ya wuce.

Yaran uku suka tafi birni ran Litinin a motar haya, Baba Koci ya biya daga la'adarsa. An riƙe mai tsaron ragar. Ɗan bayan da yaron masunta suka dawo ran Laraba da yamma. Na tambayi yaron yadda aka yi, ya ce yara sun fi ɗari biyu, an ba shi minti ashirin, ƙwallo ta zo ƙafarsa sau huɗu. Ya ce wanda aka sa shi ya tsare yana da gemu, ya aske ne kawai. Ya faɗa yana dariya, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalminsa.

Na tafi hidimar ƙasa na dawo. Auta yanzu yana kara, yana cikin masu lodin shanu zuwa kudu, kuma Baba Koci ne ya sama masa wurin. Muna gaisawa, muna cin tuwo a kwano ɗaya, maganar ƙwallo ce dai ba ta shiga tsakaninmu. Yaron masunta ya ƙara tsawo da kusan taƙi guda. Bana ma an sake aiko da takarda, an sake rubuta sunansa, wannan karon da hannun wani.

Makon jiya na bi ta filin da la'asar, ban yi niyyar tsayawa ba. Manya ne suke bugawa da yara a gauraye. Na ga yaron ya karɓi ƙwallo a tsakiya, bai ko ɗaga kai ba ya zura ta tsakanin mutum biyu, Auta ya taho da gudu ya sa mata hagu, ta daki turke ta dawo. Ya juya ya ɗaga wa yaron hannu. Baba Koci ya hango ni daga inda yake tsaye, ya nuna mini bencin da sandarsa, ya ce, "Malam, ina mudun?" Na ce yana gida. Ya matsa mini, na zauna.