Reshe a Kakuri, Saiwa a Sochaux

Shekara 165 ke tsakanin lokacin da iyalin Peugeot suka fara sarrafa ƙarfe a gabashin Faransa da lokacin da motarsu ta farko ta fito daga masana'antar Kakuri a Kaduna. Wannan tazara ce ta daɗe tana damuna, domin a ganina a cikinta amsar tambayar da mukan yi wa juna take: me ya sa masana'antu ba sa yin ƙarko a hannunmu?

A 1810 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mayar da gidan niƙan hatsi na gado ya koma maƙera. Zarto suka fara yi, daga baya injin niƙa kofi, sannan keke. Zakin da muke gani a goshin Fijo ma asalinsa tambarin zarto ne. Sai da hannaye suka goge da ƙarfe har tsawon zamani uku kafin mota ta zo. Da aka kafa masana'antar Sochaux a 1912, ta tarar da maƙera jikokin maƙera suna jiranta. Ƙauyen ya bunƙasa a gindinta, har ƙungiyar ƙwallo kamfanin ya kafa masa a 1928, kuma a ƙarshen shekarun 1970 ma'aikatanta sun kai kusan 40,000.

Tamu kuwa da ƙarfinta ta zo. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗa hannu da Faransawa, a 1975 aka soma harhaɗa 504 a Kakuri, maƙwabtaka da masaƙun Kaduna. Nan da nan Fijo ta zama motar gwamnati, motar alhazai, motar haya. Na tashi ina jin direbobi a tasha suna yaba ƙwarinta kamar masu yabon ingarma, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai yawancin sassanta daga Faransa suke zuwa. Har ta jirgin sama aka riƙa jigilarsu daga Lyon zuwa Kano. Namu shi ne ɗaurawa.

Kowa ya san makomar mai cin tuwo da miyar maƙwabci. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sassan suka yi tsada, motocin Kwatano suka cika tituna, aiki ya ja baya, har gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a 2006. Ginin bai gaza ba, ma'aikatan ma ba su gaza ba. Reshe ne aka dasa, saiwar tana wata ƙasa.

Duk da haka ban yarda a ce an tashi a tutar babu ba. Wanda ya shiga Panteka ya ga yadda ake narka goran ruwa ana ƙera abin da ya gagara samuwa, ko ya tsaya a garejin da tsohon makanike ke gane ciwon inji da kunne kawai, ya san hannayen suna nan. Abin da ba su samu ba shi ne ƙarfe na gida, da wutar da ba ta yankewa, da haƙurin masu mulki.

Duk sanda na ji ana shelar za a gina sabuwar masana'antar motoci, ba girman fili ko tsawon katanga nake son ji ba. Ina so ne a faɗa mini wane ne zai ƙera ƙusoshinta, kuma a wace unguwa yake zaune.