Bugun Agogon Aljihu

Kafin in buɗe murfin bayansa, sai da na kara shi a kunne. Yana tafiya, amma da ɗan ɗingishi, kamar dattijon da ya taso daga gona. Agogo irin wannan sau biyar yake bugawa a daƙiƙa, 18,000 ke nan a awa, kuma kunne yana jin inda bugun ya karkace.

Waltham ne, ƙirar Amurka, daga masana'antar da ta daina aiki a 1957. Lambar da ke faɗin shekarunsa tana jikin injin, domin a da mai saye yakan zaɓi inji daban, gidansa daban.

Fuskar farin tangaran ce. Da na karkata ta ga hasken taga, sai ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga lamba huɗu. Masu saye kan rage kuɗi saboda ita, ni kuwa ba ta dame ni ba. Tsatsa nake tsoro, musamman a kan siririyar wayar nan da ke naɗe a cikin injin, tana buɗewa tana rufewa kamar numfashi. Na duba, babu. Duwatsun yakutun ma lafiya lau, sai dai man ya bushe, shi ya sa ban ƙara murɗa agogon ba.

Na fi daɗewa a gefen murfin, inda ruwan zinariya ya goge har tagulla ta fito. Daidai nan babban yatsan wani yake sauka kullum. Na ɗora nawa a wurin.